Minti ukun farko: me ya sa suka ce fim ɗina na soyayya ne?

Nura Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa min gaskiya ko da ɗaci. Gajeren fim ɗin nan da na ishe ku da maganarsa, na haɗa minti ukun farko. Jiya bayan isha'i na nuna wa mutum bakwai a shagon wani abokina tela a Zango. Labarin dai kun sani: ɗan dako a kasuwar Mile 12 ta Legas ya tsinci jakar kuɗi a gindin kwandon tumatir, masu kuɗin kuwa ba mutanen arziki ba ne, suka biyo sawunsa. Fim ne na gudun ceton rai. To wallahi da na tsayar na tambaye su, biyar cikin bakwai suka ce na soyayya ne. Ɗaya har yana tambayata wace ce yarinyar. Babu yarinya a fim ɗin! Ga yadda na buɗe: gadar Lekki zuwa Ikoyi daga sama da hantsi, ruwa yana ƙyalli, sarewa na tashi a hankali, sai sunan fim, sai jarumin yana tafe a bakin titi yana murmushi. Ina na kuskure?

Ɗanlami Gidan Kallo: Wa alaikumus salam. Ko'ina.

Nura Agege: Haba Yaya Ɗanlami.

Ɗanlami Gidan Kallo: Kai ka ce ko da ɗaci. Na yi shekaru ina riƙe da gidan kallo a Idi-Araba tun kafin ƙwallo ta cinye mana kasuwar fim. Na san yadda ɗan kallo yake. Zai zo bakin ƙofa da kuɗinsa a dunƙule a hannu, ba zai miƙo ba, sai ya ɗaga labule ya leƙa. Ko minti ɗaya ba ya yi. In ya ga takardar nan ta hukumar tace finafinan Indiya ta cika talabijin, ya san awa uku zai yi, zai koma ya sayo gyaɗa. In ya ga tsakar gida cike da samari a jere suna atisaye, wani tsoho mai farin gemu yana zagaya su, ya san Chainis ne, kuma ya san za a kashe tsohon nan. In ya ga ƙofar gida mai ƙarfe ta buɗe, maigadi na gudu, jif ta shigo, ya san na 'yan kudu ne, rigimar dukiya ce ko ta tsafi. Ba wanda ya koya masa. Kai ka sa masa sarewa da ruwa da murmushi, me kake so ya ce?

Bala Edita: Nura, ni gadar ce ma ta fi damuna. A Surulere nake aiki, kuma ba zan iya ƙirga finafinan da na yanka waɗanda suka buɗe da gadar nan ba. A 2013 aka buɗe ta, ba a jima ba kyamarar nan mai tashi sama ta yi araha, shi ke nan ta zama tambari. Duk wanda ya gan ta a farkon fim abin da yake ji shi ne: ga 'ya'yan masu kuɗi, ga ofis mai gilashi, ga biki a ƙarshe. Gadar da kanta ba ta ce komai ba, finafinan da suka riga naka ne suka sa mata magana a baki. Kai ka ɗauko ta da maganar tata duka.

Alhaji Mai Tumatir: Ni tambaya ɗaya gare ni ɗana. Me ya kai ɗan dakon Mile 12 gadar Lekki da hantsi? Da hantsi yana nan kwando na kansa.

Nura Agege: Alhaji, so nake a san Legas ce.

Alhaji Mai Tumatir: Mu nan Ketu a Kamaru muke?

Malam Sani: Hhh, Alhaji a sassauta wa yaro. Nura, bari in zo maka ta wata hanya, don abin nan ya girmi kyamara. Ka tuna da dare a tsakar gida in kaka ta ce "Ga ta nan ga ta nanku", mu ce "Ta zo mu ji ta". Daga wannan kalma an gama yarjejeniya. Gizo zai yi magana da kura, Ƙoƙi za ta yi girki, ba wanda zai ɗaga hannu ya ce ƙarya ne. Amma in mutum ya gyara zama ya ce "An karɓo daga wane, daga wane", nan take za ka nutsu, ka san ba wurin dariya ba ne. In ka ji ɗan dambe ya fara kirari, ka san ba wa'azi za a yi ba. Mabuɗin magana shi ke gaya wa mai sauraro yadda zai zauna, da abin da zai yarda da shi, da abin da zai jira. Kai ka ce musu ga ta nan ga ta nanku, alhali labarin kisan kai ka zo da shi. Mutanen shagon telan nan ba su yi kuskure ba, amsa maka suka yi daidai da sallamar da ka yi.

Nura Agege: Allah ya gafarta Malam, wannan ta shige ni.

Zainab Akoka: Malam, da girmamawa, ni ban yarda duka ba. In kowa zai bi abin da ɗan kallo ya saba gani, yaushe za a yi sabon abu? Wannan tunanin ne ya sa finafinanmu suka zama kamar ƙosai, na yau irin na jiya. Ku duba Psycho na Hitchcock, 1960. Ya buɗe da mace da saurayinta a ɗakin otal suna kukan rashin kuɗin aure. Ta ɗauke dala 40,000 daga wurin aikinta ta gudu. Kowa ya gyara zama zai kalli labarin sata da 'yan sanda. Kafin a kai rabin fim an kashe ta a banɗaki, fim ya juye ya zama wani abu daban. Har sharaɗi ya kafa wa gidajen silima kada a bar kowa ya shiga in an riga an fara. To in Nura ya bar gadarsa da sarewarsa, mutane suka saki jiki, sannan ya watsa musu ruwan sanyi fa?

Bala Edita: Zainab, misalinki nawa ne ba naki ba. Me ya sa dabarar ta ci? Don ya san abin da mutane suka saba da shi sarai, ya ɗana musu tarko da shi. Da gangan ya yi. Nura bai ɗana tarko ba, shi ne ma ya faɗa ciki. Kuma ki lura, tun sunaye na fitowa a wancan fim kiɗan goge ne mai tsinka zuciya, ba mai daɗi ba. Ido yana ganin soyayya, kunne yana jin masifa. Ya bar wa ɗan kallo wata 'yar alama, yadda in abin ya faru ba zai ce an cuce shi ba. A na Nura ido da kunne bakinsu ɗaya.

Zainab Akoka: To ai gyara ke nan, ba zubarwa ba. A canza kiɗan.

Bala Edita: Hitchcock yana da kusan awa biyu. Nura minti goma sha biyar gare shi gaba ɗaya. Ba shi da filin yaudara.

Anti Rabi: Sannunku da hira. Ni ban san sunayen Turawan nan ba, na Indiya na sani, don da shi muka tashi a Fagge. Mu mata ba ma zuwa silima, a talabijin da bidiyo muke gani, ɗaki cike, har da na maƙwabta. Kuma mun haddace yadda ake buɗewa kamar karatun allo. Za a fara da gida cikin farin ciki, uwa da uba da yara biyu ko uku. Da mun ga farin cikin ya yi yawa sai yayata ta ce ku shirya. Bos zai zo, a kashe uban a gaban yaro, ko a rabu a tashar jirgi, kowane yaro da rabin sarƙa a wuya. Sai yaron ya zura da gudu, kyamara na kan ƙafafunsa, ƙafafun su rikiɗe su zama na babban mutum. Nan ɗaki ke ɗaukar ihu, don mun san jarumi ya iso. Kuma ba a nuna fuskarsa da farko. Takalmi tukuna, sai wando, sai hannu, iska na kaɗa riga, sannan ya juyo. Mun san duk wannan zai faru, kuma sanin ne daɗin. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Da sun tsallake rabuwar nan da mun ce a maido mana kuɗin hayar kaset.

Zainab Akoka: Anti, ba ku gajiya da abu ɗaya?

Anti Rabi: 'Yata, ke kina gajiya da tuwo? Miyar ce ke bambanta.

Baba Iro Obalende: Hajiya ta tuna min da ƙuruciya. Ni na kalli Sholay a Kano, na sake kallonsa a Pen Cinema ta Agege bayan na zo Ikko, wurin da yanzu sai suna da gadar sama. Fim ɗin 1975 ne. Abin da ya sa ba na manta farkonsa: jirgin ƙasa ya shigo wata 'yar tasha wadda ba kowa, mutum ɗaya ya sauka, aka tarye shi, suka hau dawaki suka ratsa duwatsu, jita na tashi, sunaye na fitowa. Ba rawa, ba fure. Muka kalli juna muka ce yau kuma Indiya sun yi kaboyi. Ba a jima ba aka koma baya, ga 'yan fashi a kan dawaki suna bin jirgin kaya, ga Amitabh da Sarkin Ƙarfi, wato Dharmendra, da ankwa a hannu. Wato tun kafin a ce uffan, jirgi da doki da dutse sun gaya mana irin abin da muka saya.

Bala Edita: Baba, ranka ya daɗe, ka taɓo inda nake so. Tashar jirgin nan gadon kaboyi ce. Akwai wanda Sergio Leone ɗan Italiya ya yi a 1968, Once Upon a Time in the West. Nura, ka nemo farkonsa ka kalla sau uku. Mutum uku ne suke jiran jirgi a tasha, fiye da minti goma, kusan ba magana, ba kiɗa. Ƙuda na damun ɗaya a fuska. Ruwa na ɗiga a kan hular ɗaya. Injin iska na ƙara kamar ƙofar da ba ta sha mai ba. Shi ke nan. Amma ba za ka iya tashi ba, don dogayen riguna da bindigogi sun riga sun gaya maka in jirgin nan ya iso wani zai mutu. Da a ce ba ka taɓa ganin kaboyi ba, da sai ka ce mutum uku ne marasa aikin yi. Sabo ne ya cika shirun da tsoro. Wannan shi ne amfanin al'adar kowane irin fim: tana ɗauke maka rabin aiki, sai ka kashe ƙarfinka a kan ƙuda da ɗigon ruwa.

Sadiq Alaba Rago: Kuna ta Indiya da Turawa. Namu fa? Ko don ba mu da abin faɗa, tunda kwafa muke yi?

Ɗanlami Gidan Kallo: Muna da shi mana. Sa min fim ɗin Hausa ka rufe min suna, cikin minti biyu zan gaya maka. In an buɗe da falo, kujeru manya, Alhaji na karin kumallo Hajiya na tsaye, rigimar kishiya ce ko auren dole. In an buɗe da ƙauye, bukka, kiɗan kalangu ko gurmi, wani ya ɓullo da hula a karkace, camama ce. Zamanin marigayi Ibro tafiyarsa kaɗai ta isa, kafin ya buɗe baki an fara dariya. In kuwa algaita da dogarai ne, sarauta ce, za a yi rikicin gado.

Sadiq Alaba Rago: In kuma lambu ne da waƙa, Indiya ce da hula.

Anti Rabi: Kai Sadiq ka kiyaye ni. Kama da wane ba ta wane.

Sadiq Alaba Rago: Anti gaskiya ce ai. Tun da Sangaya ya fito a 1999 waƙarsa ta kama gari, kowa ya koma sai da waƙa fim ke sayuwa. Har ta kai ana tallar fim da waƙa kafin a san labarinsa.

Malam Sani: Sadiq, rabin gaskiya ka faɗa. An ɗauko daga Indiya, ba mai musu, tun zamanin da Kwarori ke kawo finafinan a gidajen silima na Arewa. Amma Turmin Danya na 1990 daga ƙungiyar wasan kwaikwayo ya fito, Tumbin Giwa, mutanen da suka saba da daɓe da talabijin. Kuma akwai mabuɗin da namu ne tun fil azal: dattijo na zaune, yara ko almajirai sun kewaye shi, a tambaye shi, ya ce ku saurara, sai labari ya koma baya. Haka littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fara, ɗalibai ne suka tambayi malaminsu asalinsa, kuma Adamu Halilu ya mai da littafin fim a 1976. Wannan ba daga Bombay ya zo ba, daga zaure ya zo.

Sadiq Alaba Rago: Na ji Malam. Amma yau wa ke yin haka?

Zainab Akoka: Yau ai ba ma wannan ce matsalar ba. A waya ake kallo, da datar da mutum ya saya da guminsa. A gidan kallon Yaya Ɗanlami in ka biya ka zauna ke nan. A YouTube babban yatsa na kan gilashi. Shi ya sa masu dogon zango suke jefo mari ko kuka tun kafin suna ya fito. Ni dai ina ganin wannan ma wani kejin ne.

Bala Edita: Ba sabon abu ba ne. Finafinan James Bond tun 1963 suke fara wa da wani ɗan tashin hankali kafin waƙar sunaye, bayan da'irar bakin bindigar nan da aka san su da ita tun 1962. Waya ta dai ƙara matse lokacin ne.

Hafsat (mai kula da zaure): Jama'a, an bar Nura a tsaye da tambayarsa. A dawo kansa.

Nura Agege: Na gode Anti Hafsat. Ina karantawa duka. Gaskiyar magana, N40,000 na biya mai kyamarar sama, kuɗin da na tara ne. Shi ya sa cire gadar ke min ciwo.

Ɗanlami Gidan Kallo: Yauwa, yanzu ka faɗi ciwon. Ni shawarata: buɗe da gudu. Yaro na tsere cikin lungu, numfashi sama-sama, jaka a ƙirji. Sai ka rubuta "kwana biyu kafin haka". An gama.

Bala Edita: A'a Yaya, wannan ta tsufa, kuma ta nuna mai fim bai yarda da labarinsa ba. Ga tawa. Kada ka fara da jarumin sam. Fara da jakar. Duhu, bayan mota, wani hannu da ba a ga mai shi ba yana tura jaka ƙarƙashin tumatir, ya jawo ganye ya rufe. Sai a ga 'yan dako sun yi layi, kowa na karɓar kwando, kyamara na bin wancan kwandon guda ɗaya har ya sauka a kan wani yaro. Shi ne jaruminka. Ɗan kallo ya san abin da ke kansa, shi bai sani ba. Hitchcock ya taɓa kwatanta wannan da bam a ƙarƙashin tebur: in ya tashi ba zato, ka firgita mutane na ɗan lokaci kaɗan, in ka nuna musu shi tun farko, duk hirar banzan da ake yi a teburin sai ta zama abin fargaba. Kuma ka jefar da sarewa. A Jaws na 1975 ba a nuna kifin da ke cin mutane a farko ba, yarinya ce ke iyo da dare, sai sauti biyu kacal da ke maimaituwa. Kai ma nemo sautinka a kasuwar.

Zainab Akoka: Wannan ya yi, na sallama. Amma ina nan kan bakata a abu ɗaya: kada a zubar da gadar. A kai ta ƙarshe. Bayan duk wahalar da ya sha, a nuna ta tana ƙyalli, ga sarewar ma in ana so. Lokacin ɗan kallo zai ji ta kamar zagi, don ya ga Legas ɗin da ba a sa wa a farkon fim.

Bala Edita: Kin ga wannan ban yi tunaninsa ba. Sai dai ya danganta da yadda ya ƙare labarin. Nura, yaron yana tsira?

Nura Agege: Ban yanke ba tukuna.

Ɗanlami Gidan Kallo: Inna lillahi. Ka yi hayar kyamarar sama ba ka san ƙarshen fim ɗinka ba?

Alhaji Mai Tumatir: Ku bar shi haka. Ɗana, in sauti kake nema zo ka ji. Motocin Kano da Zariya da Jos cikin dare suke shigowa. Kafin kiran assalatu wurin ya kacame: injin na rugugi ba a kashe ba, ana buga jikin mota da tafin hannu a ce direba ya ja baya, kwando na ƙara in an ɗaga shi, yara na gyara gammo, kowa da fitilar waya a baki don hannu biyu na aiki. Ƙasa kuwa caɓi ce ja, ruɓaɓɓen tumatir da ruwa, in ka taka sai ta riƙe maka takalmi. Ana ciniki da Hausa ana amsawa da Yarbanci. Kuma dillali in ya zura hannu cikin kwando yana duba na ƙasa, har gwiwar hannu yake kaiwa. Ka yi tunanin wannan hannun yana dab da jakarka.

Bala Edita: Alhaji ya rubuta maka fitowa ta biyu kyauta.

Nura Agege: Wallahi tsigar jikina ta tashi. Alhaji, zan iya zuwa ranar Asabar?

Alhaji Mai Tumatir: Ba a shigo mana da kyamara haka kawai. Ka zo Alhamis bayan la'asar in kai ka wurin shugabannin sashenmu ka yi gaisuwa, ka faɗi abin da ya kawo ka. In sun amince, Asabar ƙarfe 3:30 na dare ka same ni a bakin rumfata. Ku zo ku uku kawai, kada ka kwaso min gayya.

Anti Rabi: Ni dai in an gama a sa min waƙa ko guda ɗaya ce.

Nura Agege: Anti babu yarinya a fim ɗin.

Anti Rabi: To a nemo.

Alhaji Mai Tumatir: Kuma ka sayi takalmin roba mai tsawo. Wancan farin kambas ɗin da na gani a hotonka ba zai koma Agege ba.